Addu'a ni kaɗai a ɗaki ba ta isa ba ne? Amsa ga wani ɗanmu da zuciyarsa ta karye a Legas

"Salama Baba. Ni ɗan Arewa ne ina zaune a Legas, da acaɓa nake yi sai aka kama mashin ɗina, bashin da na ci na saye shi har yau ban gama biya ba, yanzu gadi nake yi a wani gida a Ajah. Gaskiya zuciyata ta karye. An kwana biyu rabona da coci, don in na je sai in ga kamar kowa ni yake kallo, ga baiko ga gudummawa ni kuma aljihu babu ko sisi, kuma akwai lokacin da na gaya wa wani damuwata sai ga maganar a bakin mutane. Yanzu a ɗaki nake addu'ata ni kaɗai, ita ma wani lokacin ba ta fita. Baba dole ne sai na shiga cikin 'yan'uwa? Ni da Allahna ba mu isa ba?"

Salama ɗana, sannu da haƙuri, sannu da ɗawainiya. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ka haɗa. Wadda ka rubuta a fili ita ce ko addu'ar ɗaki ta wadatar, wadda ke ƙarƙashinta kuma ita ce ko akwai sauran mutumin da za ka iya yarda da shi bayan an riga an watsa maka sirri sau ɗaya. Ta biyun ce ta fi ci maka rai a ganina, kuma ita zan fi daɗewa a kai.

Allah yana jin addu'ar ɗaki, wannan babu gardama, Yesu da kansa ya ce ka shiga ɗaki ka ja ƙofa ka yi addu'a ga Ubanka a Matiyu 6:6. Ko ranar da bakinka ya kasa furta komai sai ajiyar zuciya, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Saboda haka kar wani ya ce maka Allah ya juya maka baya don ba a gan ka a benci ba. Amma abin da na gani cikin shekarun da na yi ina hidima a sashen Hausa na coci a garin nan, kuma shi ne Littafi ya nuna, in Allah zai ɗaga mai karayar zuciya yawanci mutum yake aiko masa, mutum mai ƙafa da baki wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa. To in ka kulle ƙofar kana addu'a a ciki, kana iya mayar da amsar addu'arka daga bakin ƙofa ba ka sani ba.

Yadda garin nan ke raba mutum da jama'arsa

Da farko ka sani ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Tun hana acaɓa da aka yi a wasu sassan Legas a Fabrairun 2020, sannan aka sake tsananta dokar daga 1 ga Yuni 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, samarinmu da yawa sun rasa abin yi dare ɗaya, wasu sun koma gida, wasu sun koma gadi ko dako ko turin baro a Mile 12 da Alaba Rago. Na zauna da irinsu ba iyaka, daga Kudancin Kaduna, Filato, Tangale, Tafawa Ɓalewa, Zuru, Adamawa, Kudancin Borno, labarin kusan ɗaya ne sunan ƙauye kawai ke canzawa.

A gida ba a shirya zumunci, shi yake samunka. In ba a gan ka a addu'ar safe ba kafin rana ta take wani ya leƙo, ko matar fasto ta aiko yaro. A nan kuwa zumunci kuɗin mota ne da lokaci. Daga Ajah ka ce za ka je sujada a Agege ko Mushin ko Idi-Araba, danfo, wato motar haya ta Legas, nawa za ka hau, ga goslo, ga shi ranar Lahadin ma oga zai tafi nasa cocin kai ne mai buɗe get kai ne mai rufewa. Sannan ga wayar gida, duk wanda ya kira kuɗi yake nema don an ɗauka wanda ke Legas shara yake yi da kuɗi, sai mutum ya kasa gaya wa na gida gaskiya don kunya, ya kasa gaya wa na coci don tsoron baki, ya tashi ba shi da kowa a tsakiyar garin da mutane suka yi yawa har ba wajen taka ƙafa. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, yanayi ne, amma in aka bar shi yana cin bangaskiyar a hankali.

Abin da karayar zuciya ke raɗa wa mutum

Buɗe 1 Sarakuna 19 ka karanta a natse a bakin get ɗin nan da dare. Iliya ne fa, wanda wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel bisa addu'arsa, Yezebel ta aika masa saƙon barazana sai ya gudu. Akwai abin da mutane ke tsallakewa a aya ta 3, da ya kai Biyersheba sai ya bar baransa a can ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda. Mutum ɗayan da ya rage masa shi ya fara sallama. Bayan nan ne ya zauna a gindin itace ya ce ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina. Ka ga yadda abin ke bi da bi ko, janyewa tukuna sannan maganar mutuwa.

Da Allah ya tambaye shi me yake yi a nan, sau biyu yana cewa shi kaɗai ya rage. Alhali a sura ta 18 Obadiya ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawa 100 a kogo yana ba su abinci da ruwa. Ya ji da kunnensa amma baƙin ciki ya share masa shi. Haka yake yi wa kowa, yana ɓata lissafi, ya sa ka ga kowa kai yake kallo a coci alhali rabin mutanen da ke wurin nasu bashin suke tunani. Kuma dubi yadda Allah ya bi da shi, bai fara da faɗa ba, abinci ya ba shi da ruwa ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi abinci, daga baya ya gyara masa lissafin ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ƙarshe ya tura shi wurin Elisha wanda ya bi shi yana masa hidima. Allah ya yi magana da Iliya kai tsaye a kan dutse, duk da haka bai bar shi da "ni da Allahna" ba, sai da ya haɗa shi da mutum.

Bulus ma haka. A 2 Korantiyawa 7:5-6 ya ce da suka iso Makidoniya ba hutu, a waje faɗa a ciki tsoro, amma Allah mai ta'azantar da masu karayar zuciya ya ta'azantar da su ta wurin zuwan Titus. Zuwan Titus fa, ba wahayi ba, ba mala'ika ba. Da ake kai shi Roma a ɗaure 'yan'uwa suka fito tarye shi a hanya, Ayyukan Manzanni 28:15 ta ce da ya gan su ya gode wa Allah ya yi ƙarfin hali. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya ya ce musu ransa na shan wahala har kamar ya mutu, su zauna su yi tsaro tare da shi. Sun yi barci, sun ba shi kunya a daren, amma ya nema. In shi ya nema ni da kai ba mu fi ƙarfin nema ba.

Tunda a Legas kake bari in ba ka na garin nan. A Disambar 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara can ƙasarmu. Masu mishan da suka tarar a nan suka sage musu gwiwa cewa ba za su taɓa kaiwa ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham ya tsaya a Legas, sauran biyun suka shiga ciki, a 1894 duka suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada da karyayyar zuciya, cikin waɗanda suka tsaya masa kuwa har da mahaifiyar Gowans, matar da ɗanta ya mutu a tafiyar. Ya sake zuwa a 1900 ciwo ya sake kora shi, sai a karo na uku aka samu kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin, wanda ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, cocin ECWA ya fito a 1954. Duk lokacin da na shiga sujadar Hausa a garin nan na ji ana rera waƙa nakan tuna da mahaifiyar Gowans da ba ta bar Bingham ya zauna shi kaɗai da kunyarsa ba.

Maganar wanda ya watsa maka sirri

Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, zunubi ne, kuma ba zan kare shi ba don a coci ya faru. Muna da wannan cutar, gulma da aka sa wa rigar addu'a, "ku sa wane a addu'a, kun ji abin da ya same shi kuwa?" kafin a ce amin labari ya kai Ojo ya dawo. Karin Magana 11:13 ta raba mutane biyu, mai yawo da magana yana tona asiri, mai aminci kuwa yana rufe zance. Duka biyun suna cikin ikkilisiya, benci ɗaya ma suke zama.

Abin da nake so ka rarrabe shi ne taro daban abokin kuka daban. Taron sujada kana bukatarsa don Maganar Allah, don waƙa, don Jibin Ubangiji, don ka ji muryar wasu na furta abin da bakinka ya gaji da furtawa, shi ya sa Ibraniyawa 10:25 ta ce kar mu bar taruwa. Amma ba a ce ka miƙe a gaban jama'a ka zazzage cikinka ba. Hausawa suka ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, kuma abokin kuka ɗaya ne ko biyu. Dawuda yana da mutum wajen 600 tare da shi lokacin da Saul ke farautarsa, amma Jonatan ne ya tashi ya same shi a Horesh ya ƙarfafa shi cikin Allah, 1 Sama'ila 23:16.

Yaya za ka gane abokin kukan? Ni abin da nake gaya wa samari, saurari yadda mutum ke maganar wanda ba ya wurin. Wanda ya kawo maka labarin wani zai kai naka. Fara ba shi ƙaramar magana wadda ko ta fita ba za ta kashe ka ba, ka jira ka gani. Kar ya zama wanda ke binka bashi ko wanda kake sa ran zai ba ka kuɗi, don kuɗi na shiga tsakani magana ta gurɓace. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, wannan na faɗe shi ne don na ga inda ta'aziyya ta koma wani abu daban aka zo ana kuka biyu. Kuma ba lallai mai yawan ayoyi a baki ba. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, nan ne suka yi masa amfani, da suka buɗe baki suka fara neman laifin da ya jawo masa sai da ya kira su masu ta'aziyyar banza. Duk wanda ka gaya wa an kama mashin ɗinka ya ce ka binciki kanka ko akwai zunubi, ko ya ce ba ka fitar da zakka ba ne, gaishe shi da kyau ka nemi wani.

Akwai wani yaro da irin naka ya same shi, ya shige ɗaki a wajen Mile 12 ya kashe waya. Wanda ya fito da shi ba fasto ba ne ba dattijo ba, wani ɗan ƙungiyar Sabon Rai ne mai dakon tumatir, karatunsa ma da ƙyar. In ya tashi daga kasuwa sai ya biya wurin mai shayi ya sa a haɗa masa a leda da burodi, ya je ya zauna a kan jarkar ruwa a bakin ƙofar don ɗakin ba kujera, ya yi ta ba shi labarin kasuwa, motar da ta iso daga Arewa da wadda ta lalace a hanya. Bai yi masa wa'azi ba. In zai tafi sai ya ce mu yi addu'a, jimla biyu uku ya ce amin. Wata rana ya karɓi wayar ya kai caji ya dawo da ita a kunne, wata rana ya ja shi wurin mai aski. Ranar da yaron ya dawo sujada tare suka shigo suka zauna a bencin baya, kuma sai da aka daɗe kafin mu dattawa muka san abin da ya faru, don mai tumatir ɗin bai gaya wa kowa ba. Irin wannan nake nufi.

Kunyar baiko

Wannan kam laifinmu shugabanni ya fi yawa a ciki. In aka mai da sujada wurin kiran suna da alkawarin kuɗi, wane ya ba da kaza a tafa masa, to marar shi zai ji kamar an kore shi ko ba a faɗa ba, Yakubu sura 2 kuwa ta yi mana kashedi a kan fifita mai zoben zinariya a kan matalauci. Amma kai ka riƙe 2 Korantiyawa 8:12, ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum ke da shi ne, ba abin da ba shi da shi ba. Ba tikiti ake saya a ƙofar coci ba. In an zo baiko ba ka da shi zauna abinka ka rera waƙar, na rantse maka da yawa cikin masu rawa zuwa gaba hannu a dunƙule suke zuwa a dunƙule suke dawowa, kuma Allah bai kore su ba.

To me za ka yi daga inda kake

Ba sai ka fara da komawa babban taro ba in ƙafarka ta yi nauyi. Fara da mutum ɗaya. Duba wayarka, akwai wanda ya yi ta kiranka lokacin da ka ɓace ba ka ɗaga ba, shi za ka fara kira, ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce ɗan'uwa abubuwa sun yi min nauyi ne shi ya sa ka ji ni shiru. Ku sa lokaci tsayayye, ko da minti goma ne a waya da dare in oga ya shiga, ku karanta Zabura ɗaya, 42 ko 13 ko 121, kowa ya yi wa ɗan'uwansa addu'a. Tsayayyen lokaci nake jaddadawa don "sai mun yi waya" a Legas ba ta cika.

Sannan duba layinku. Unguwannin Ajah da Lekki cike suke da masu gadi 'yan Arewa, da wuya a ce duk layin babu mai bi ko ɗaya. Na san inda masu gadi ke haɗuwa a bakin get ɗaya da sassafe kafin masu gida su tashi, su yi waƙa ɗaya a hankali su yi addu'a kowa ya koma bakin aikinsa, kuma Yesu ya ce inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu. Maƙwabtanka Musulmi ma kar ka raina alherinsu, sau da yawa mai shayi ko mai kanti ne ke fara lura mutum ya rame ya tambaye shi lafiya, ka riƙe su da kyau, sai dai kana bukatar wanda zai tuna maka alkawaran Almasihu kuma ku durƙusa tare.

Maganar Lahadi, ka samu oga cikin ladabi a lokacin da ransa ke sanyi ka roƙi ko Lahadi ɗaya bayan ɗaya, ko awa uku na safe, da yawa suna yarda in an nemi wanda zai riƙe get. Kuma ba dole sai cocin da aka ɓata maka rai ba in zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, coci-cocin ECWA da COCIN da EYN da LCCN duk suna da jama'a a Legas, ana samun sujada da Hausa, nemi mafi kusa da kai ka rage kuɗin mota. Gafarta wa wancan mutumin wajibi ne a kanka kuma zai zo da taimakon Allah, amma gafara ba ta nufin ka sake ba shi sirrinka.

Ku kuma da ke karanta wannan kuna cikin zumuntar maza ko zumuntar mata ko matasa, zumunta a ƙafa take. Bulus ya yabi Onisifaras a 2 Timoti 1:16-17 don da ya zo Roma ya neme shi ido rufe har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba. Wanda ya ɓace ba zai zo ya ce ga ni ba, ku ne za ku hau danfo. Tura aya a guruf na WhatsApp ba ziyara ba ce. In ya dawo kuma don Allah a bar "ɓatacce ya dawo" da "ina ka shiga haka", ana faɗa da wasa amma na ga wanda wannan kalmar ta mayar da shi ɗaki. Sannu da zuwa, mun yi kewarka, matso ga wuri, ya isa.

Inda zumunci ya tsaya

Ni ba likita ba ne, kuma akwai inda aboki da addu'a ke bukatar likita ya shigo. In ka ga sati biyu ko fiye ba ka iya barci ko barcin ya yi yawa, abinci ba ya shiga, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, ko ka fara neman mantuwa a kwalba ko ƙwaya, wannan ciwon damuwa ne mai magani kamar yadda hawan jini ke da magani, ba aljani ba ne ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, manyan asibitocin gwamnati ma za su iya dubawa su tura ka inda ya dace, ka samu ɗan'uwa ya raka ka. In kuwa tunanin kashe kanka ya taɓa zuwa maka ko sau ɗaya, kar ka kwana da shi kai kaɗai, a daren ka gaya wa wani, ko ka kira 112, lambar agajin gaggawa.

Bashin mashin ma zumunci ba zai goge shi ba, amma yana iya sauƙaƙa shi. Guje wa mai bin bashi shi ke ƙara masa zafi, kuma shi ke hana ka barci. Abin da muka saba yi, dattijo ɗaya ya raka mutum wurin mai kuɗin a zauna a faɗi gaskiyar albashin gadi, a yanka abin da za a iya biya duk wata ko kaɗan ne a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Yawanci in mai kuɗi ya ga babba ya tako ya tsaya a maganar yakan sassauta. In ka shirya turo min saƙo ta inda ka turo wannan, ka gaya min wajen da kake a Ajah da ranar da kake samun sarari, in nemo maka dattijo a sashen Hausa mafi kusa da kai wanda na san bakinsa, ku fara da maganar bashin.